Saba'in da Tara

A Tromso, cikin watan Yuni, rana ba ta faɗuwa.
Ƙarfe biyun dare tana tsaye bisa dutsen tsallaken ruwa,
baƙuwar da aka yi wa sallama ta ƙi tafiya.
Na ja baƙin labule, na liƙe gefensa da salatif,
duk da haka siririn haske ya sami kafa,
ya kwanta kan takardun da na kwaso daga ofis.

Sunana Torunn, aikina auna basirar yara.
Shekara goma sha tara ina yawo da jaka ɗaya:
'yan tubala ja da fari, hotuna, agogon ƙirga daƙiƙa.
In tambaya, yaro ya amsa,
in tara, in raba, lamba ta fito.

Ranar Talata aka kawo mini Eilif,
ɗan masunci daga tsibiri, shekararsa tara,
rigarsa na ƙarnin kifi.
Na ce ya maimaita lambobi daga ƙarshe zuwa farko.
Ya kai uku, hamma ta kwashe sauran.
Na ce, "Me ya haɗa tuffa da lemo?"
Ya ce, "Jirgin Juma'a ne ke kawo su."
Littafina bai san wannan amsa ba.
Na ba shi sifiri.
Saba'in da tara, na rubuta a ƙasa, na sa hannu.

Da zai fita ya leƙa taga.
"Iska za ta juya kafin yamma.
Dubi tsuntsayen can, sun yi ƙasa-ƙasa."
Ta kuwa juya.
Sai a bakin ƙofa uwarsa ta ce, tana ɗaura masa hula,
kwana huɗu ke nan bai yi barcin kirki ba,
tun da jirgin ubansa ya shiga teku.

An ce barci ɓarawo ne.
To ni gidana yake tsallakewa,
ko da na bar masa ƙofa a buɗe.
Likita Halvard ya ƙi ƙara mini ƙwaya.
Ya ce tana kwantar da jiki, ba ta koya masa komai.
Ya ce gado na barci ne, ba kotu ba;
in juye-juye ya yi yawa, ki tashi ki koma kujera.
Ki juya wa agogo fuska bango.
Gahawa ta tsaya a tsakar rana.
Ƙarfe shida ki miƙe, ko da ba ki runtsa ba.
Sannan ya miƙo takarda mai layi-layi:
kowace safiya ki rubuta awa nawa.

Uku da rabi. Biyu. Huɗu.
Ni ma ga shi an mai da ni lamba,
kuma rabinta kintace ne.

Yanzu ina kan kujerar, ƙafata cikin bargo.
Na karanta wa kaina lambobin Eilif a hankali,
na juya su baya.
Tara, biyu, shida...
ta huɗu ta sulale kamar sabulu a ruwa.
Da ni aka kawo gabana a daren nan,
wane aji zan tura kaina?

Ba na cewa mudu maƙaryaci ne.
Ya sha nuna mini yaron da malamai suka raina,
ya ce ku sake dubawa.
Amma abin da aka zuba masa ranar yake aunawa,
bai taɓa leƙa rumbu ba.

Na ɗauki biro, na ja layi a kan sa hannuna.
Na rubuta: a dawo da shi
in ubansa ya sauka, in ya yi barci mako guda.

Tsuntsayen teku sun fara kuka kan rufin maƙwabta.
Gari ba zai waye ba, tunda bai yi duhu ba.
Idona ya ɗan yi nauyi.
Ban duba agogo ba.